Wani mutum na neman hoton ɗiyata a waya, mahaifinta kuma ya ce aure zai yi mata

Tambaya: Wata uwa a nan Maradi, wadda na sakaya sunanta da unguwarta, ta aiko da wannan: "Ɗiyata shekarunta 15, tana kwaleji. Na ɗauki wayarta zan kira ƙanwata sai na ci karo da saƙonnin wani mutum a WhatsApp. Ya kai wata uku yana sa mata mega na shiga intanet, ya kuma turo mata kuɗi ta Nita. Yanzu yana cewa ta aiko masa hotonta babu sutura, in ba haka ba zai nuna wa mutane hirarsu. Ban sani ba ko ta riga ta tura. Na gaya wa mahaifinta, ya ce zai fasa wayar, ya cire ta daga makaranta, ya yi mata aure kafin azumi. Ina kuma da ɗa namiji mai shekara 13. Me zan yi?"

Amsa: Hajiya, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya kawo mafita. Aikina shi ne zama da yaran da aka cuta da kuma iyayensu, don haka zan yi miki magana kamar kina zaune gabana, ba tare da kwana-kwana ba.

Farautar ɗiyarki ake yi. Babban mutum da ya nemi yarinya 'yar shekara 15 ta tuɓe gaban kamara, ya kuma haɗa da barazana, mai laifi ne a wurin Allah, mai laifi ne a dokar Nijar. Ita yarinya ce, ko da ta amsa masa hira, ko da ta karɓi kuɗinsa. Ki riƙe wannan da kyau, domin za ki maimaita shi ga maigida, kuma za ki maimaita shi ga kanki a ranar da haushi ya taso miki.

Yana da amfani ki san yadda irin waɗannan mutane suke aiki, don ki daina tambayar kanki ta yaya yarinya mai tarbiyya ta faɗa. Mai son kama kaza ba ya bin ta da gudu, tsaba yake watsa mata. Lambar yakan samo ta daga gurup na 'yan aji ko na biki, ko wurin wata ƙawa, ko a shagon sayar da kredi inda yarinya ta karanto lambarta kowa na ji, ko ƙarƙashin wani bidiyo da ta sa a TikTok. Makonnin farko ba abin da za ki gani ki yi fushi. Gaisuwa ce, da barka da Juma'a, wani har ya riƙa tashin ta sallar asuba. Daga nan sai sauraro: wa ya ɓata miki rai yau, me ya sa kullum ke ake sa wa aiki, ai kin fi sa'o'inki hankali, mutanen gidanku ba su san darajarki ba. Yarinyar da a gida ba a cika tambayar ta me ke damun ta ba, sai ta samu wanda ke tambaya dare da rana. Sannan kyauta ta shigo, mega yau, jaka biyu gobe, jaka biyar ranar salla. Mu muka koya wa 'ya'yanmu cewa wanda ya yi maka alheri ba ka kallon idonsa ka ce a'a, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma shi ita yake juyawa ta zama bashi a wuyanta. Bayan kyauta sai sirri: kada ki gaya wa kowa sai na turo magabatana. Maganar aure ce kusan kullum ake fakewa da ita a garin nan, domin ita ce ke kwantar wa yarinya da hankali cewa ba ɓarna take yi ba. Hoton ma ba na tsiraici ake fara nema ba. Na farko da hijabi, na biyu babu ɗankwali, na uku da kayan barci. Kowane mataki yana ba shi abin riƙewa da zai tilasta ta zuwa na gaba. Ranar da ta ce ta gaji, ranar muryarsa ke canzawa.

To me yake riƙe da shi a gaskiya? Tsoron da take yi muku. Barazanarsa duka a kan jumla guda take tsaye: zan nuna wa babanki. Muddin yarinya ta yi imani cewa ranar da iyayenta suka ji, duka ne da kora da zubewar mutunci, to za ta ci gaba da yi masa biyayya, ta tura na biyu don a rufe na farko, ta je inda ya kira ta don kada ya watsa. Ranar da ta tabbata kun riga kun sani kuma kuna bayanta, mafi yawan ƙarfinsa ya tafi. Saboda haka duk shawarar da za ku yanke a gidan nan, ku auna ta da wannan: za ta sa yarinyar ta ƙara buɗe mana ciki, ko za ta ƙara kulle ta?

Ki zauna da ita ku biyu, ba gaban ƙanne ba, ba gaban kishiya ko 'yan aiki ba, kuma ba lokacin da ranki ke tafasa ba. Ki fara da gaskiya: na ga saƙonnin, kuma abin da mutumin nan yake yi miki zalunci ne, ni uwarki ce, tare za mu fita. Ki yi shiru ki bar ta ta yi kukanta. Kada ki ce me ya kai ki, kada ki ce kin kunyata mu. Tambayoyin da kike buƙatar amsarsu kaɗan ne: kin san shi ido da ido? Kin tura hoto ko bidiyo, ko kun yi kiran bidiyo? Kun taɓa haɗuwa, ya taɓa ki? Akwai wata ƙawarki da yake yi wa haka? Mai yiwuwa ba za ta faɗi komai a zaman farko ba, ko ta faɗi rabi. Yara sukan gwada mu da ƙaramin abu su ga yadda fuskarmu za ta yi kafin su fito da babban. Na san akwai gidajen da kunya tsakanin uwa da 'yar fari ba ta barin irin wannan zance. In haka ne, ki nemo gwaggo ko inna ko yayarta da take sakewa da ita, mace guda mai riƙe sirri, ke kuma ki zauna kusa.

Tambayar nan ta ko ta san shi, kada ki raina ta. Mukan ɗauka mugu baƙo ne daga nesa, alhali sau da yawa maƙwabci ne, ko mai koyar da darasin yamma, ko wani daga cikin samarin fadar da ke bakin layi, ko ma ɗan'uwa da ke shigowa gida ba sallama. Abin kuma ba ƙarami ba ne a duniya. A watan Oktoba na 2024 UNICEF ta fitar da ƙiyasin cewa mata da 'yan mata fiye da miliyan 370, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko cin zarafi ta lalata kafin su cika shekara 18, kuma miliyan 79 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara suke. Gidanki ba shi kaɗai ba ne, sauran dai shiru suka yi.

Idan ta ce ya taɓa ta, asibiti ne farko kafin komai. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar sida bayan irin wannan sai an fara shan sa cikin sa'o'i 72, a ci gaba har kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana biyar, kuma da wuri ya fi. Ku je asibitin uwa da yaro ko babban asibitin jiha, ku nemi a rubuta takardar shaidar likita. In abin bai daɗe da faruwa ba, kada ta yi wanka kafin a duba ta, kayan da ke jikinta kuma a ajiye su ba wanki. Ko an kwana biyu ma ku je, akwai cututtukan da ake gwadawa a yi magani.

Sai wayar. Kada a fasa ta, kada a goge hirar, domin ita ce shaidarku. Ki ɗauki hoton allon saƙonnin barazanar yadda lambarsa da ranar za su fito, ki adana saƙonnin muryarsa, ki nemo rasit ko saƙon Nita na kuɗin da ya turo. Layukan waya a Nijar da takardar shaidar mutum ake rajistarsu, aika kuɗi ma yana barin sawu, don haka masu bincike suna da inda za su kama. Ki duba ko lambar da +227 ta fara ko da +234. Nan da Jibiya da Katsina ba nisa ta hanyar Ɗan Isa, kuma mutum na iya zama a Maradi yana amfani da layin Najeriya, saboda haka ki faɗa musu ko wanne ne. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: in akwai hoton tsiraicin yarinyar a wayar, kada ki tura shi ga kowa, ko ga mahaifinta, ko ga malamin da kike neman shawararsa. Ki bar shi inda yake har hukuma ta gani. Kowace turawa sabuwar ƙofa ce ta fitarsa.

Kada ku biya ko dala. Wanda aka biya sau ɗaya ya gane akwai kuɗi kuma akwai tsoro, zai dawo. Kada ku kira shi ku zage shi, kada yayyenta su tafi nemansa da sanduna, domin zai goge nasa ɓangaren ya canza layi, ko kuma ku ku koma masu laifi. Yarinyar ta daina amsa masa, a toshe shi bayan an adana shaidu.

Dokar da ta shafi wannan ita ce mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, wadda ke hukunta laifukan da ake aikatawa ta intanet. Ta tanadi ɗauri da tara ga mai haɗa hotunan batsa na yara, da mai watsa su, da mai ajiye su. Ku je komisariya ku ce kuna son ganin sashen da ke kula da kare yara da mata, ko ku je jandarmomi in a bayan gari kuke, ko ku kai ƙara kai tsaye wurin mai gabatar da ƙara a babbar kotun Maradi, inda akwai alƙalin yara. Ofishin jiha mai kula da kare yara yana da ma'aikatan da za su raka ku. Na san abin da za a ce miki: a rufa asiri, a kira shi gaban mai unguwa, ya ba da haƙuri ya rantse ya goge. Ina ganin girman masu unguwanninmu, suna kashe wutar rigingimu da yawa, amma wannan ba rigimar iyakar gona ba ce. Ba wanda zai iya tabbatar miki ya goge, kuma mutumin da ya ƙware haka ba a kan ɗiyarki ya fara ba. Sulhun da aka yi a zaure yakan kare mutuncinsa ne, ya bar shi da 'yar maƙwabta.

Idan hoto ya riga ya fita daga hannunta, akwai wata hanya ta kyauta mai suna Take It Down, ta wata cibiyar Amurka mai kare yara da ake kira NCMEC, an yi ta don 'yan ƙasa da shekara 18. Wajen amfani da ita, hoton ba ya barin wayar. Manhajar tana ciro masa wata lamba ta musamman ne, kamar zanen yatsa, ta aika wa kamfanonin da suka shiga tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, su kuma su cire shi in an ɗora. Ba ta iya shiga cikin hirar WhatsApp, don haka ba ta maye gurbin zuwa hukuma. Ki kuma sani cewa yanzu akwai manhajojin da ke ɗaukar hoton yarinya da suturarta su ƙirƙiro na tsiraici. In wata rana aka nuna muku hoto ta rantse ba ta ɗauka ba, tana iya zama mai gaskiya.

Yanzu maigida, wanda nake ganin shi ne rabin tambayarki. Fushinsa daga kishin 'yarsa ya fito, kada ki tunkare shi kamar abokin gaba. Amma abubuwa ukun da ya ambata, kowanne mutumin nan zai amfana da shi. Fasa waya ɓatar da shaida ne, kuma yarinyar da aka ƙwace wa waya cikin fushi aron ta ƙawa take yi, inda ba ki gani. Cire ta daga makaranta zai sa unguwa ta fara tambayar dalili, ya raba ta da ƙawaye da malamai a lokacin da ta fi buƙatar kada ta kaɗaita, ya kuma koya wa ƙannenta cewa wanda aka ji matsalarsa shi ake hukuntawa. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati ta kare 'ya mace da tallafa mata har ta ci gaba da karatunta, kuma irin wannan hali na daga abin da aka yi ta dominsa. Aure kuwa, na fahimci me ya sa shi ne ke fara zuwa zuciyar uba. A ƙasar nan kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin shekara 18, jiharmu tana sahun gaba, kuma iyaye da yawa tsoron abin kunya ne ke sa su gaggawa. To amma ɗaurin aure ba ya goge komai daga wayar wancan mutum. Yau barazanarsa ita ce zai nuna wa uba. Gobe za ta zama zai nuna wa miji da dangin miji, yarinyar kuma tana gidan da ba ta da uwar da za ta gaya wa. An ƙara masa abin riƙewa, an rage mata mai tsaya mata. Ki faɗa masa haka cikin ladabi, lokacin da ya huce. In kin san ba zai ji daga bakinki ba, ki nemi mutum guda da yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin da ya yarda da shi, ba taron dangi ba. Abin da za a roƙe shi ƙarami ne amma mai nauyi: ya kira 'yarsa ya ce mata, na ji, ba zan kore ki ba, ni zan tsaya miki. Shi ne kuma ya fi dacewa ya shige gaba zuwa komisariya.

Gyaran wayar ba shi da wuya, in karatun bai ishe ki ba ki sa wani babba da kika yarda da shi ya yi a gabanku, ita ma tana kallo. A WhatsApp, wurin da aka rubuta Confidentialité, a mayar da hoton fuska da status da shigarwa gurup ga waɗanda ke cikin lambobinta kaɗai, a kashe ƙarar kiran baƙin lambobi. A sa lambar sirri mai alƙaluma shida, a kuma duba jerin na'urorin da ke haɗe da layin, a cire wadda ba a sani ba. A cire GB WhatsApp da ire-irensa, ba na kamfanin ba ne. Ta san cewa hoton da ake buɗewa sau ɗaya ba kariya ba ne, ana ɗaukar sa da wata wayar. A TikTok a mayar da shafin na sirri, a sa shekarunta na gaskiya, domin kamfanin ba ya barin 'yan ƙasa da 16 su yi saƙon sirri, kuma akwai tsarin haɗa shafin yaro da na uwa ko uba. Da dare wayoyi su kwana a ɗakinki, na kowa da kowa, har na yayye, don kada ya zama hukuncin mutum ɗaya.

Akwai wata ƙofa da ba a cika ambata ba, kuma tamu ce ta nan. Saboda ɗaukewar wuta, wayoyinmu suna yini a shagon caji. Muna kai su wurin mai gyara mu ba shi lambar buɗewa, muna miƙa katin memori a zuba mana waƙoƙi da fina-finai. Mafi yawansu masu neman halal ne, amma kwafe hotunan waya gaba ɗaya ba ya ɗaukar lokaci. A kashe waya kafin a ba da caji, a cire kati da layi kafin gyara, in an samu hali a tsaya a kai.

Ɗanki mai shekara 13 kada ki ce shi namiji ne ba ruwansa. Tarkon maza daban ne kuma ya fi sauri. Shafi ne mai hoton kyakkyawar yarinya zai yi masa magana a Facebook ko Instagram, ko cikin hirar wasannin waya, a ja shi ya tura hoto ko ya buɗe kamara, nan take a juye a ce ya turo kuɗi ko a aika wa abokansa. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke wannan sana'a. A 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa sa'o'i kaɗan bayan an yi masa haka, kuma a 2024 kotun Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowannensu. Yaro namiji ya fi mace ɓoyewa, don yana ganin za a yi masa dariya. Ki gaya masa tun yanzu, ko mahaifinsa ya gaya masa, cewa ko me ya faru a waya ya zo ya faɗa. Maza manya ma suna neman yara maza, da kyautar waya ko kuɗin kashewa, wannan ma a faɗa masa a fili. A kuma koya masa ɗaya gefen: in hoton wata yarinya ya shigo gurup ɗinsu, turawa laifi ne a doka, kuma aya ta 19 ta Suratun Nur ta yi gargaɗin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Ya fita daga gurup ɗin, ya sanar da babba.

Makonni masu zuwa ki sa mata ido sosai, ba idon tuhuma ba. In ta daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace mata, ko ta kulle kanta a ɗaki, ko kika ji ta ce gara ta mutu, kada ki ɗauka shagwaɓa ce. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Ki kwashe maganin ɓera da na feshin ƙwari da ƙwayoyin magani ki kulle, kada a bar ta ita kaɗai, ku koma wurin likita ku nemi mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In mutumin ya cika barazanarsa ya watsa wani abu, ku riga jita-jita isa wurin shugaban makarantar, ku gaya masa magana tana hannun hukuma, ku nemi ya tsawata wa ɗaliban da ke turawa.

Ranar zuwa komisariya ku tafi da wayar da cajinta, da takardar haihuwar yarinyar don tabbatar da shekarunta, da rasit ɗin kuɗin, da takardar likita in akwai. Ku nemi a saurare ta a keɓe, in da hali mace ta yi mata tambayoyin, ke kuma kina kusa. Kafin ku fito ku karɓi sunan jami'in da ke riƙe da maganar da ranar da za ku koma.